Darasin Juma'a: Jinyar wanda zai bar ƙwaya a gida

 

Watanni kaɗan da suka wuce mun sallaci wani yaro a nan ƙofar masallaci. Ba za mu kama sunansa ba, waɗanda suka tsaya a sahu sun san shi. Ɗan dako ne, bai kai shekara 25 ba. Ya yi shekara uku yana shan tiramol, har ta kai yana haɗiye manya uku ko huɗu a wuni. Da abin ya fito fili, kawunsa ya kulle shi a ɗaki kwana takwas, ya sha wahalar da ya sha, ya fito. Aka sa shi a mota aka tura shi gida Arewa wurin mahaifiyarsa, ya yi wata guda, ya yi ƙiba ya yi kyau. Ranar da ya dawo Legas abokai suka yi masa maraba da abin da suka saba. Ya sha daidai adadin da yake sha a da, ya kora da kodin. Da asuba aka zo tada shi salla, sai gawa.

Bayan sadakar uku kawun ya same mu, idonsa jawur, ya ce: "Malam, wallahi ni na ɗauka ya warke." Wannan maganar ce ta sa muka zauna da 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya da muke salla tare, muka tattara abin da ke cikin wannan takarda. Ajali in ya zo babu makawa, mun yi imani da haka. Amma an umurce mu da yin sababi, kuma sababi ba ya yiwuwa sai da sani.

Abin ya fi ƙarfin gida ɗaya

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 ne suka yi shaye-shaye a Nijeriya cikin shekara guda. A cikinsu miliyan 4.6 sun sha magunguna irin su tiramol da kodin ba da izinin likita ba. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Yankin da ya fi kowane yawan masu sha kuwa shi ne Kudu maso Yamma, wato nan inda muke zaune muna neman abinci. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC, amma kowa ya san kwalbar ba ta ɓace daga unguwa ba, tsada kawai ta ƙara.

To, duk wanda abin ya shigo gidansa kada ya ɗauka shi kaɗai ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Me ke faruwa a jikin mai sha?

Tiramol, kodin, allurar fenta da hiroyin duk dangi ɗaya ne, dangin ofiyom. Aikinsu su danne zafin ciwo, su kwantar da jiki, su rage numfashi, su tsayar da hanji. Shi ya sa ɗan dako ko ɗan acaɓa yake jin kamar ba ya gajiya. Gajiyar tana nan, ji ne kawai ba ya yi.

Direbobinmu za su fi kowa gane misalin. Ƙwaya kamar birki ce da aka taka aka ƙi sakewa. Don mota ta ci gaba da tafiya, sai jiki ya dinga ƙara totur. Bayan makonni ana haka, sai ya zama ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Wannan shi ne sabo. Ranar da aka ɗauke birki farat ɗaya, totur yana nan a danne, sai mota ta kwasa a guje: zuciya ta hau bugu, gumi ya karyo, hanji ya sake, barci ya ƙaurace. Wannan halin ne muke kira ciwon yaye a cikin darasin nan.

Don haka yaron da ke birgima a ƙasa yana kuka da ƙafafunsa ba iskanci yake yi ba, kuma ba aljanu ba ne. Ciwo ne na gaske, yana da lokacin farawa da lokacin wucewa. A jikin matashi mai lafiya ciwon yaye shi kaɗai ba kasafai yake kisa ba. Abubuwa uku ne ke kashe mutane: ƙarewar ruwan jiki saboda amai da gudawa, yanke wasu ƙwayoyin da ba a yanke su farat ɗaya, da komawa sha bayan an daina. A kansu darasin zai fi tsayawa.

Waɗanda ba a yi wa wannan jinya a gida

In ɗaya daga cikin waɗannan ya shafi naku, asibiti za a nufa, babu wata shawara:

1. Mace mai ciki. Yanke ƙwaya farat ɗaya yana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. A kai ta awo, a gaya wa nas gaskiya, domin jaririn ma yana iya zuwa da ciwon yaye, sai an shirya masa. Mai shayarwa ita ma ta ga likita, don kodin da tiramol suna bi ta nono.

2. Wanda yake haɗawa da maganin barci, irin su Valium da yara ke ce wa D5, ko Rohypnol, ko Lyrica, ko kuma mai shan giya kullum. Yanke waɗannan lokaci guda yana kawo jijjiga da ruɗewa, har ya kai ga mutuwa.

3. Mai farfaɗiya, ko wanda ya taɓa faɗuwa yana jijjiga bayan ya sha tiramol.

4. Mai ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba, ciwon suga, ciwon ƙoda ko na hanta, da mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau.

5. Mai sikila da ya saba da allurar fenta. Shi ciwonsa na gaske ne, likitansa ne zai tsara masa yadda za a rage.

6. Mai taɓin hankali, ko wanda ya taɓa cewa gara ya mutu ya huta.

7. Mai yi wa kansa allura, da tsoho, da yaro ƙarami.

Akwai kuma maganar manyan ƙwayoyin tasha. Tiramol ɗin da hukuma ta yarda da shi mai lamba 50 ne da 100, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 a wuni. Na kan titi kuwa za ka ga 200, 225, har 250. Wasu ma ba tiramol ba ne. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna ana shigo da haɗin tafentadol da karisofurodol daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma, har gwamnatin Indiya ta hana yin sa. Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan da yawa bai ma san me ke jikinsa ba. Ga shi tiramol yana da wata ɗabi'a tasa daban: wasu in sun yanke shi sukan firgita, su ruɗe, su dinga jin muryoyi ko ganin abin da babu. Irin wannan mutum rage masa ake yi a hankali a ƙarƙashin likita, wani lokaci kashi ɗaya cikin goma a mako, wani ma a wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin a fara

Abu na farko, a ga ma'aikacin lafiya ko da sau ɗaya ne. A tafi da kwalin ko ledar abin da yake sha, a faɗi adadin gaskiya da tsawon lokaci. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, akwai na Aro a Abekuta, akwai LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba. Mun san da an ce Yaba sai gaban mutum ya faɗi, wai za a ce ɗansa ya haukace. Haba jama'a! Masu rashin barci ma suna zuwa, masu damuwa suna zuwa, kuma akwai sashen masu shaye-shaye. Hukumar NDLEA ita ma tana da layin shawara kyauta dare da rana: 0800 1020 3040. Layin neman taimako ne, in kun kira ku nemi a haɗa ku da mai jin Hausa.

In kun ga likita ku tambaye shi batun metadon da bufurenofin. Waɗannan magunguna ne da ake ba wanda ya yi nisa, musamman mai hiroyin, suna kwantar da ciwon yaye da kwaɗayin ƙwaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a gaban sauran hanyoyi domin suna rage mace-mace ƙwarai. Mu faɗi gaskiya: mafi yawan waɗanda suka daina da ƙarfin tuwo kawai, babu wani bibiya a bayansa, suna komawa. Jinyar gida ta wanda abin bai yi masa nisa ba ce, kuma likita ya ce a je a yi.

Abu na biyu, sai da yardarsa. Wanda aka kama aka ɗaure zai fito jikinsa babu ƙwaya, zuciyarsa kuwa cike da haushi, kuma ya san inda ake sayarwa. A zaunar da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, a samu wanda yake jin nauyinsa, a yi masa magana ba a gaban ƙannensa ba. In ya ce bai shirya ba, kada a kore shi. A bar ƙofa a buɗe, a sake tuntuɓa.

Abu na uku, tanadi. Ana buƙatar:

Mutum biyu masu haƙuri da za su dinga karɓa-karɓa, don kada a bar shi shi kaɗai a kwana huɗun farko, dare da rana. Namiji maza su kula da shi, mace kuwa mahaifiyarta ko yayarta ko wata dattijuwa mai rufin asiri.

Hutun mako guda zuwa kwana goma. Ubangidansa na kasuwa ya sani, ya ajiye masa gurbinsa.

Ɗaki mai iska. Mun san irin gidajen hayarmu, ɗaki na kallon ɗaki, bayan gida ɗaya na mutum ashirin. A ajiye bokiti mai murfi biyu a ɗaki, ɗaya na amai ɗaya na gudawa, da sabulu, da zannuwan canji, da bargo mara nauyi.

Ruwa mai tsabta da yawa, ledojin ORS, da kuɗin mota a ware a gefe, tare da lambar wani direba ko mai Keke da zai ɗauki waya ko ƙarfe biyun dare ne.

A share ɗakin tas tare da shi: aljihun riga, ƙarƙashin katifa, cikin takalmi. Wayarsa ta zauna a hannun mai jinya da yardarsa, don dillalai ba sa son rasa ciniki.

Yadda kwanakin suke tafiya

Daga awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe abin yake farawa. Za a ga hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye, majina, gumi, tashin tsikar jiki, rashin natsuwa. Kamar mura ce mai ƙarfi. Baƙin idonsa zai buɗe ya yi girma.

Kwana na biyu da na uku su ne ƙololuwa. Ciwon gaɓoɓi da baya, murɗawar ciki, amai, gudawa, zafi da sanyi suna musanya, ƙafafu ba sa tsayawa wuri ɗaya, barci babu. A nan ne zai yi roƙo, ya yi rantsuwa, ya ce rabi kawai, ya zagi wanda bai taɓa ɗaga wa ido ba. Mai jinya ya toshe kunnensa. Ciwo ne ke magana. Amsar da ta fi amfani gajeriya ce: "Na sani, sannu. Yau ce mafi wuya, gobe da sauƙi. Ina nan tare da kai."

Daga kwana na huɗu abin yake fara sauka, zuwa kwana bakwai ko goma yawancin ciwon jiki ya tafi. Abin da ke saura shi ne kasala, rashin barci, baƙin rai da kwaɗayi. Waɗannan suna iya ɗaukar makonni, har watanni.

Abin da za a ba shi

Ruwa shi ne babban magani. Ya sha lita biyu zuwa uku a wuni, wato ledar fiya wata huɗu zuwa shida, ban da abin da zai maye gurbin amai da gudawa. A haɗa ORS yadda aka rubuta a jikin ledar. In babu, a zuba fiya wata biyu, lita ɗaya ke nan, a sa suga ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokali, a motsa. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarin ƙarfi. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In yana amai a jira minti goma, sannan a ci gaba da ba shi kurɓi-kurɓi, ko da cokali ne.

Abinci mara nauyi, kaɗan-kaɗan: koko, kunun gyaɗa mai ruwa, farar shinkafa, ayaba, burodi, romon kaza ko na kifi mara yaji. Kada a matsa masa da tuwo. Shayi mai citta yana taimaka wa tashin zuciya. Goro, kofi da lemukan ƙara kuzari a ɗaga masa su, musamman daga la'asar, don suna ƙara bugun zuciya da hana barci.

Don ciwon jiki, farasitamol mai lamba 500, ƙwaya biyu duk bayan awa shida, kada a wuce takwas a kwana ɗaya. A duba kada a haɗa shi da wani maganin mura mai farasitamol a ciki, domin yawansa yana lalata hanta. Ibufurofen ma yana taimakawa in an ci abinci, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da wanda ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Don gudawa akwai Imodium, a tsaya daidai kan abin da aka rubuta a kwali, domin yawansa yana rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita. Maganin amai, na murɗawar ciki da na barci, sai wanda likita ya rubuta, kuma ya zauna a hannun mai jinya yana ƙirgawa.

Sauran dabarun hannu ne: wanka da ruwan ɗumi sau biyu ko uku a rana, gasa baya da ƙafafu da tawul mai ɗumi, tausa, ɗan zagaye a tsakar gida in ya samu ƙarfi, hira, rediyo. Kwaɗayi yana zuwa ne kamar hadari, ya taso ya yi duhu, in an daure minti ashirin ko talatin sai ya washe. A irin wannan lokaci a ba shi abin yi, ko alwala ce, ko wanka, ko a fita da shi ƙofar gida.

Mara lafiya ne, don haka ya yi salla yadda ya iya, a zaune ko a kwance. Kada a ɗora masa azumi a kwanakin nan da sunan tuba, jikin da ke zubar da ruwa ba ya ɗaukar ƙishirwa. Addu'a da tofi a yi su sosai, amma su tafi tare da ruwa da magani.

Abin da ba a yi

Ba a duka, ba a sa mari, ba a kulle mutum a tafi da makulli. Mun tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300 daga wani gidan mari, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu gyara suka nema. Sarƙa tana tsare ƙafa ne kawai.

Ba a maye ƙwaya da wata ƙwaya. Kada a ce a ba shi kodin don ya bar tiramol, ko wiwi, ko ogogoro, ko jiƙe-jiƙen tasha da ba a san abin da ke ciki ba. Kada a kira mai kemis ya yi masa allurar barci. Maganin barci in ya haɗu da dangin ofiyom, numfashi yake tsayarwa.

Ba a gori. Kalmomi irin su "ɗan ƙwaya" da "ka ja mana abin kunya" ba su taɓa warkar da kowa ba. Maigidan da ya gano matarsa tana shan kodin, in ya fara da barazanar saki, abin da zai samu shi ne ta ƙara ɓoyewa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Alamomin da za a ruga asibiti

Amai ya hana ko ruwa zama a cikinsa tsawon wuni. Ya yi awa takwas bai yi fitsari ba, ko fitsarin ya yi ja sosai, bakinsa ya bushe, jiri na ɗibarsa in ya miƙe. Jini a amai ko a bayan gida. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama. Zazzaɓi mai zafi, domin ciwon yaye yana kama da maleriya kuma yana iya ɓoye ta, sai an gwada jini. Ruɗewa, ko gane-gane, ko rashin gane mutanen gida. Jijjiga. Ko ya fara maganar kashe kansa, wannan kada a ɗauke shi wasa ko sau ɗaya, a kawar da wuƙa, igiya, fiya-fiya da magunguna, a tafi da shi.

In jijjiga ta kama shi, a janye abin da zai buge, a sa masa tsumma a ƙarƙashin kai, in ta lafa a juya shi gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Bayan an daina: nan ne haɗarin yake

Mu koma kan yaron da muka sallata. Abin da kawunsa bai sani ba, kuma shi ma yaron bai sani ba, shi ne sabo yana zubewa da sauri. Kwanaki kaɗan bayan an daina, jiki ya sauke totur ɗin nan da ya ƙara. Adadin da mutum yake sha a da ya tashi ya tafi aiki, yanzu shi ne zai tsayar masa da numfashi. Haka abin yake ga wanda ya fito daga gidan yari, ko asibiti, ko ya dawo daga gida bayan hutu.

Wannan magana dole a gaya wa mai jinyar kansa ɓaro-ɓaro. Ba izini muke bayarwa ba, haramcin abin maye ba ya buƙatar dogon bayani a wannan masallaci. Amma a ce masa: "In shaiɗan ya rinjaye ka, ka sani jikinka ba na da ba ne, abin da ka saba sha zai iya kashe ka. Haɗa shi da kodin ko maganin barci ko giya ya fi komai haɗari. Kada ka kulle kanka a ɗaki kai kaɗai. Kuma ka dawo ka faɗa mana, ba za mu kore ka ba." Mai rai shi ke tuba.

Kowa ya san alamomin wanda ƙwaya ta yi wa yawa: ba ya tashi ko an girgiza shi an kira sunansa, numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai ko yana wani irin minshari mai gargara, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, leɓɓansa da faratansa sun yi toka-toka. Kada a ce a bar shi ya yi barci zai sake shi. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kira 112 ko 767, ko a sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa. In ba ya numfashi sosai, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau ɗaya duk daƙiƙa biyar. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefe don kada amai ya shaƙe shi. A asibiti a faɗi abin da ya sha, akwai maganin da ake kira nalokson mai karya ƙarfin dangin ofiyom cikin 'yan mintuna. Ƙarfinsa yana ƙarewa bayan minti 30 zuwa 90, don haka ko ya farfaɗo kada a ɗauko shi sai likita ya sallame shi.

Wanda ya taɓa yi wa kansa allura a yi masa gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Duk ana samun maganinsu ko abin da zai danne su in an gano da wuri.

Namu aikin

Tura yaro gida Arewa yana raba shi da abokai na ɗan lokaci, amma ƙwaya tana can ma, kuma zai dawo ya tarar da abin da ya bari. Sai mun duba dalilin da ya kai shi. In ciwon baya ne daga ɗaukar buhu, a nema masa magani na gaskiya. In aikin awa goma sha shida ne, alhazai, ku ji tsoron Allah ku rage. Ubangidan da ya ga yaronsa yana sauke tirela guda bai ko zauna ba, ya yi shiru don aiki na tafiya, shi ma yana da nasa kason a ciki. In kaɗaici ne da kewar gida, a jawo shi jiki, ya ci abinci cikin mutane, ya samu inda zai kwana ba cikin 'yan sha ba. A dinga raka shi ganin likita a ranakun da aka ba shi, aƙalla watannin farko.

In ya zame ya koma, ba a ce aikin ya lalace ba. Da yawa sai sun faɗi sau biyu sau uku kafin su tsaya da ƙafarsu. A koma wurin likita, a sake shiri.

Duk wanda ke da irin wannan a gidansa, ya samu liman ko na'ibi bayan sallar isha'i, za a haɗa shi da ma'aikatan lafiyarmu, kuma maganar ba za ta wuce nan ba. Mata su bi ta hannun malamar Islamiyya. Ku ajiye wannan takarda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da cikin gida.

Allah ya jiƙan wannan yaro, ya ba mahaifiyarsa da kawunsa haƙuri. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.